Ba Jahilci Ba Ne, Malam, Lissafi Ne

Wani ɗan'uwanmu marubuci, masanin harkar kwamfuta, ya yi dogon rubutu kwanakin baya a kan ƙananan 'yan kasuwar Arewa da manhajojin tafiyar da kasuwanci. Ina nufin irin manhajojin nan da ba a cikin wayarka ko kwamfutarka suke ajiye lissafi ba, sai a rumbun kamfani can a intanet, kai kuma kana biyan kuɗi duk wata. Ya buga misali da birnin Zariya, har ya kama sunan Limancin Kona. Tunda ya kira suna, ya kamata a amsa masa.

Bari in fara da faɗin abin da ya ce, ba ragi ba ƙari. A ganinsa ƙorafin da masu shaguna ke yi a kan waɗannan manhajoji ba laifin manhaja ba ne, laifin masu ƙorafin ne. Ya ce ƙarancin ilmin zamani da tsoron sabon abu ne ke damunsu, wasu kuma ba sa son lissafinsu ya fito fili saboda haraji. Ya ce littafin bashi gobara na cinye shi, gara na cinye shi, yaron shago na yage shafi, amma abin da aka ajiye a intanet yana nan daram. Ya ce kuɗin wata bai taka kara ya karya ba, kuma wanda ke da datar kallon TikTok ba shi da bakin cewa babu sabis. Ya rufe da cewa idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya: ɗan kasuwa ne zai gyara yadda yake ciniki ya dace da manhaja, don haka a tara su a yi musu bita.

Akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi a watan Maris na 2016 ba zai yi wasa da maganar ajiyar takarda ba. Mun kuma san gidajen da zumunci ya tsinke bayan rasuwar mai gida, don babu wanda ya san wa yake bi, wa ke bin sa. Har nan muna tare. Inda muka rabu shi ne inda Malam ya ɗauki kukan mai shago ya sa masa suna jahilci.

Da a ce wata unguwa ya zaɓa, da da sauƙi. Limancin Kona fa? Unguwar da limaminta yake cikin masu zaɓen Sarkin Zazzau, tare da Waziri da Limamin Juma'a da Makama Ƙarami da Fagaci? Unguwar da almajirai ke baro garuruwa masu nisa su zo zaurukanta neman karatu? Yaron da ya tashi a nan ya san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A waɗannan zaurukan ake karanta babin ciniki a Risala da Mukhtasar. A nan ake raba gadon mutumin da ya bar mata huɗu da uwa da 'ya'ya rututu, a fitar da sumuni a fitar da sudusi, kobo bai ɓace ba. A nan ake lissafa wa attajiri ɗaya bisa arba'in na dukiyarsa idan shekara ta zagayo. Ba na cewa kowane mai kanti malami ne. Amma a ce mutanen da suka sha wannan ruwan suna gudun rubutu da lissafi, wannan sai wanda ya leƙo daga bakin Ƙofar Doka ya juya.

Tsoron sabon abu kuma, shekarar 2023 ta riga ta ba da amsa. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, tsabar kuɗi ta ɓace daga Janairu har cikin Maris, wa ya tara masu shayi da mahauta da 'yan kayan miya a otal ya yi musu bita? Babu. Cikin 'yan makonni sai ga lambar asusu a manne a jikin teburin mai tsire, sai ga na'urar POS ta Moniepoint da OPay da PalmPay a lungu-lungu. Matan da ba sa fita suna sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin ta WhatsApp daga cikin ɗaki, yaro ya kai kaya, alat ya shigo. Duka waɗannan a intanet suke aiki, kuma duka baƙi ne. Mutum ɗaya ne ya karɓi POS hannu bibbiyu, ya gwada manhajar lissafi wata biyu ya watsar. Da safe wayayye ne, da yamma jahili? Abin da ya bambanta su a fili yake. POS ranar da ka karɓa ranar take nuna amfaninta, ɗan abin da za ta cire a kan cinikin da aka riga aka yi take cirewa, idan ta lalace kuma akwai wakilin da ka san fuskarsa, za ka kira shi ya zo a kan babur. Manhajar lissafi kuwa tana so ka fara zama ka shigar da kowace haja da ke shagonka ɗaya bayan ɗaya, ka biya kuɗin wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba, in ta maƙale kuma ka rubuta wasiƙa da Turanci ka jira amsar na'ura.

Mu zo kan kuɗin da Malam ya raina. Manyan manhajojin ƙasashen waje da dala ake yanka farashinsu. Mu ɗauki misalin wadda ake biya dala 20 a wata. Kafin a saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, dala a hukumance tana wajen naira 460, wato naira 9,200 ke nan. A farkon 2024 dala ta haura naira 1,500, kuɗin ya koma 30,000. Manhajar ba ta ƙara komai ba, shagon bai ƙara faɗi ba, amma haya ta ninka fiye da sau uku. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Ashe abin da bai taka kara ya karya ba ya kusa rabin albashin ma'aikaci. Ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kai. Ga shi tun 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa. A tsakanin nan mai son biya ma sai ya nemi wanda zai biya masa, da la'ada. A watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data.

Na san za a ce ai akwai manhajojin gida masu karɓar naira. Akwai, kuma wasunsu sun yi ƙoƙari. Sai dai da yawansu su ma haya suke yi a rumbunan Amazon ko Microsoft ko Google, inda farashi ke bin dala, don haka zafin yana gangarowa ne kawai a hankali. Ga kuma dabarar da kowa ya gane yanzu: a fara maka kyauta, sai ka gama zuba lissafin wata shida, sannan a ce ƙara yaro na biyu sai ka biya, fitar da rahoto sai ka biya. Mai shagon da ribarsa a kan katan ɗin taliya ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba, idan ya zauna ya buga wannan lissafi ya ga bai fita ba, wane suna ya dace da abin da ya yi?

Maganar TikTok ta ba ni dariya. Bidiyo idan ya tsaya yana juyi, sai ka ajiye wayar ka sha ruwa. Kwastoma ba ya tsayawa juyi. Mutum biyar a bakin kanti, ana kiran magariba, wannan na son rabin kwanon sukari, wancan ya miƙo dubu ɗaya yana jiran canji, kai kuma kana ɗaga waya sama kana neman sanda ɗaya ta sabis. Abin da ke faruwa kowa ya sani: sai a jawo littafi a rubuta, da niyyar a shigar da dare. Da dare an ɗauke wuta, waya ba caji. Bayan mako guda lissafi ya rabu gida biyu, na littafi da na manhaja, babu wanda ya cika. Wanda ya zo neman sauƙi ya koma yana aiki biyu.

Kuma kada a ce wannan ƙaramar matsala ce ta lungu. A ƙarshen watan Satumbar 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, bayan an yi haka a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, aka yi makonni babu kira babu data. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, har da WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kansu suka durƙusa. A watan Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a wani layin. Ina Malam yake a waɗannan ranaku? Wataƙila a ofis mai sola. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu ga babbar hujjarsa, wadda ya fi tinƙaho da ita: wai abin da aka ajiye a intanet ba ya ɓata. Ina so ya tuna da Kippa. Manhajar lissafi ce ta 'yan Najeriya, an kafa ta a 2021 don ƙananan 'yan kasuwa irin namu, ta rubuta ciniki, ta rubuta bashi, ta fitar da rasit. A 2022 masu zuba jari suka ba ta dala miliyan 8.4, kamfanin kuma ya ce 'yan kasuwa sama da 500,000 ke amfani da ita. A ƙarshen 2023 ta rufe sashenta na POS ta sallami ma'aikata. A 2024 jaridun fasaha suka ruwaito cewa manhajar ta daina buɗewa, masu shaguna sun kasa ganin lissafin hajarsu da sunayen waɗanda suke bi bashi. Babu gobara, babu gara, babu yaron da ya yage shafi. Ba kuma ƙananan kamfanoni kaɗai ke yin haka ba. Wave, wadda mutane da yawa suka so don kyauta ce, ta juya wa duk wanda ba ya Amurka da Kanada baya tun 2020. Intuit ta janye QuickBooks daga Indiya a 2023, ƙasar da ta fi mu yawan shaguna nesa ba kusa ba. Wanda ya fita daga Indiya don lissafinsa bai fita ba, Limancin Kona zai tsaya wa?

Abin ya yi kama da ka ba maƙwabci ajiyar littafin bashinka don tsoron gobara, shi kuma ya ce duk wata sai ka biya kafin ya bari ka leƙa, watan da ka makara ya sa kwaɗo, wata rana ka wayi gari ya tashi daga unguwar da littafin a jakarsa. Gobara aƙalla ana ganin hayaƙinta, maƙwabta su kawo ɗauki. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba mutum haƙƙin karɓar bayanansa daga hannun kamfanin da ke riƙe da su, wannan gaskiya ne. Amma mai kemis da ke bin mutane naira dubu ɗari biyu, shi ne zai rufe shago ya hau mota zuwa Abuja ya kai ƙarar kamfanin da ofishinsa ma ya rufe?

Batun haraji ba zan daɗe a kai ba. Akwai masu ɓoye ciniki, a kasuwar Zariya da ma Legas da Landan. Amma tambayar "wa zai ga lissafina?" ba tambayar ɓarawo ba ce. Mutanen nan sun ga yadda manhajojin ba da rance suka riƙa kwashe lambobin wayar mutum su aika wa surukansa da abokansa saƙon tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022. Wanda ya ga haka, idan aka ce ya zuba sunayen kwastomominsa da lambobinsu da abin da ake bin kowa a cikin wata manhaja, ya yi jinkiri, amana yake tsarewa.

Inda na fi son Malam ya nutsu shi ne maganarsa ta ƙarshe, wai ɗan kasuwa ya gyara cinikinsa ya dace da manhaja. Yawancin waɗannan manhajoji an gina su ne a kan shago mai farashi ɗaya, haja mai lamba a jiki, kwastoma ya biya ya tafi. Cinikinmu ba haka yake ba. Buhu ake sarowa, a sayar da kwano da rabin kwano da gwangwani, a ɗora gyara a kai. Farashi sai an taya, an ce albarka, an ƙara, sannan a sallama, kuma abin da aka sallama wa baƙo ba shi za a sallama wa wanda ya shekara goma yana saye ba. Akwai kayan da ba naka ba ne, ubangida ya ba ka ka sayar ka kawo uwar kuɗi ka riƙe riba. Akwai la'adar dillali. Akwai wanda zai biya rabi da tsaba, rubu'i da tiransifa, ragowar sai bayan girbi, kuma da masara zai biya.

Dubi sana'ar da birnin Zariya ya yi suna a kanta, ɗinkin babbar riga. Riga ɗaya mai aska takwas tana bin hannuwa da yawa kafin ta kai ga mai ita. Mai kaya ya sayi shadda da zare. Wani ya yi zane. A kai wa masu ɗinkin hannu, sau da yawa mata a cikin gida, wata ta yi gaba wata ta yi baya, kowace ta karɓi wani abu kafin aiki, ta aiko yarinya ta karɓi wani a tsakiya don an yi haihuwa, zare ya ƙare a ƙaro. Tela ya haɗa. Masu bugu su buga ta yi sheƙi. Aikin na iya cin watanni, kuɗi na fita kaɗan-kaɗan, mai rigar kuma ya biya kafin alƙalami tun kafin azumi. Mai kayan yana riƙe da wannan duka a kansa da ɗan littafinsa, ya san rigar wane tana gidan wance, saura nawa. Manhaja kuwa tambaya biyu take masa: kaya nawa ne a sito, nawa aka sayar? Rigar ba ta sito, ba a kuma sayar ba. Sai ya rushe tsarin da ke ciyar da gidaje goma don wani akwati a fuskar waya ya samu abin cikewa?

Sai kuma abin da masu tallar manhaja suka fi alfahari da shi, wai tana aika wa mai bashi saƙon tuni da kanta. Madalla. A Limancin Kona wanda kake bi bashin shinkafa yana iya zama malamin da ya koya maka alwala, ko kawun matarka, ko limamin da kake bi salla sau biyar. Irin wannan bashin ba da saƙon waya ake tambayarsa ba. Zuwa ake yi a gaida mutum, a tambayi iyali, a yi hira, shi da kansa ya gane. Wani bashin ma tun ranar da aka bayar an san sadaka ce, an rubuta ne kawai don kada mai karɓa ya ji kunya. Ranar da na'ura ta aika wa dattijon unguwa saƙo da Turanci cewa ya makara da kwana bakwai, ranar mai shago ya yi asarar abin da kuɗin wata ba ya saya. Za a ce ai ana iya kashe wannan. Ana iya, idan ka san inda aka ɓoye makunnin, a shafi na nawa, da wane harshe.

Yaron shago kuma, wanda aka ce manhaja za ta kama, abin da ya shigar kaɗai take gani. Idan ya sayar bai shigar ba, sai ranar ƙidayar kaya za a gane, kamar dai yadda ake ganewa da littafi. Na yarda tana sauƙaƙa ƙidayar a babban kanti mai rassa biyu ko uku, inda mai shi ba ya zama. A can tana biyan kuɗinta, shi ya sa ba sai an yi wa masu irin waɗannan kantuna wa'azi ba, da kansu suke nema.

Matsayina a fili yake. Ba na gaba da manhaja, kuma ba na yi wa littafin bashi kirari. Abin da na ƙi shi ne a sayar wa mutum kayan da bai yi masa daidai ba, idan ya yi magana a ce jikinsa ne ya karkace. Ƙorafin mai shago rahoto ne, wanda kamfanoni ke biyan kuɗi mai yawa su samu, shi kuma yana bayarwa kyauta. Cewa yake a ba shi manhajar da za ta yi aiki ko babu sabis, ta tura lissafin daga baya idan ya dawo. A yanka masa farashi da naira, a bar shi a haka shekara guda. Kwafin lissafinsa ya zauna a wayarsa, ya iya bugawa a takarda duk ranar da ya ga dama, ko ya biya kuɗin wata ko bai biya ba. Ta san kwano da gwangwani da kayan amana. Ta yi magana da Hausa, da murya ma in da hali, kuma idan ta lalace a samu ɗan Adam a Zariya da za a kira. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ya gagari masu ilmin kwamfuta, ga Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru tana yaye su kowace shekara. Wahala ce kawai, kuma shirya bita ya fi sauƙi, ga alawus.

Idan Malam yana ganin na yi masa rashin adalci, hanya a buɗe take. Ya ɗauko manhajar da ya fi yarda da ita, ya shigo ta Ƙofar Kona ana saura mako biyu Sallah, ya zauna a zauren mai ba da aikin riguna daga hantsi zuwa isha'i. Ba sai ya shigar da cinikin shagon duka ba. Riga ɗaya tak zai bi, daga shadda zuwa bugu, da kuɗin kowace mai ɗinki da abin da aka ba ta da abin da ya saura, da datarsa da cajinsa. Mai zauren zai riƙe littafinsa a gefe, bayan isha'i a gwada lissafin biyu.